Oga a Ingila, Mai Riƙon Tsani a Ostireliya

Tsakanin Katsina da Maraɗi ba wata tafiya ba ce. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya, amma soket ɗin da ke jikin bango kowa da irin nasa. A gefen Najeriya ramuka uku ne masu kusurwa, gadon Turawan Ingila. A gefen Nijar kuwa abin da aka fi gani ramuka biyu ne zagayayyu, gadon Faransa. Mu dai tuni muka sasanta su. A samo murfin biro, a danna ramin sama, marfin ramukan ƙasa ya buɗe, a cusa filogi mai ƙafa biyu. In filogin ya fashe, a fere bakin waya, a zura ta tsirara, a tokare da tsinken ashana. Muddin caji ya shiga, babu mai sake waiwayar bango.

Sai dai bambancin bai tsaya a fuskar soket ba. Yana bin waya ya shige bango, ya hau silin, ya sauko akwatin fis, daga can kuma ya zarce har ofishin da ke cewa wane ya isa ya taɓa waya, wane bai isa ba. Matafiyi mai wayar salula a aljihu babu ruwansa da wannan, adafta zai saya a filin jirgi ya yi gaba. Wanda abin ke tare wa hanya shi ne mai aikin wuta da ya ɗauko sana'arsa ya tsallaka da ita wata ƙasa. Inda kuwa na ga abin ya fi fitowa fili shi ne Ostireliya, wajen samari da 'yan matan da ke zuwa can da bizar hutu da aiki.

Tun 1975 Ostireliya ta fara ba da wannan biza ga matasan Birtaniya da Ailan da Kanada, daga baya aka yi ta ƙara ƙasashe. Lambarta 417, tana kuma da ƙanwa mai lamba 462 wadda ake ba 'yan ƙasashe irin su Amurka da Sin da Indonesiya. Abin da take cewa ba shi da yawa: kai matashi, daga shekara 18 zuwa 30, ko 35 ga 'yan wasu ƙasashe, zo ka yi wata 12, ka ga gari, in guzuri ya ƙare ka yi aiki ka ƙara. Fasfon Najeriya ba ya cikin jerin, haka na Nijar da Ghana da Kamaru. Amma 'ya'yanmu masu fasfon Birtaniya ko na Ailan suna ciki, tunda fasfo ake dubawa ba garin kaka ba. Ta wannan ƙofa ɗan yayata, wanda ya koyi aikin wuta a Ingila, ya sauka a Perth da jakar kayan aikinsa.

Yaron ba ɗan dagaji ba ne. Ya yi shekarun koyo a hannun kamfani, ya sami shaidar NVQ mataki na 3, ya ci jarrabawar hannu ta AM2, wadda ake haɗa mutum da allo da waya a ce ya haɗa, ya gwada, ya kuma gano inda aka ɓoye masa matsala. Yana da katin nan mai ruwan zinare da masu aikin wuta na Ingila ke nunawa a ƙofar wurin gini. A can har yara ake sawa a ƙarƙashinsa. A Perth kuwa aikin da ya fara samu na mataimaki ne: riƙe tsani, jan waya a bututu, huda bango, share ƙurar da hudar ta bari, ɗauko wannan, miƙo wancan. Da an zo wajen haɗa bakin waya da soket, abin da yake yi ko ido rufe, sai a ce ya matsa gefe.

"Kawu," ya ce da ni a waya, "wanda nake riƙe wa tsanin nan fa, da a Ingila ne ni zan duba aikinsa."

Na ce, "To, ɗana, ai ba a Ingila kake ba."

Dokar ƙasar ce haka. A Ostireliya ba a aikin wuta sai da lasisi, kuma ba aikin kwangila kaɗai ake nufi ba. Maigida a cikin gidansa, da kuɗinsa ya sayo soket a kanti, doka ba ta yarda ya kwance tsohon ya ɗaura sabon da hannunsa ba. Kanti zai sayar wa kowa, ɗaurawa ce sai mai lasisi. Ƙwan fitila dai an bar maka ka canza. Lasisin kuma ba na ƙasa baki ɗaya ba ne. Jihohi 6 ne da yankuna 2, kowa da hukumarsa: a Victoria ana zuwa wajen Energy Safe Victoria, a Queensland wajen Electrical Safety Office, a jihar Yamma, inda Perth take, akwai nasu kwamitin ba da lasisi. Katin zinaren Ingila babu hukuma ko ɗaya a cikinsu da za ta karɓe shi ta miƙo lasisi.

Hanyar da aka shata ta fara ne daga wata hukumar tarayya, Trades Recognition Australia, wadda kowa ke kira TRA. Ita ba ta riƙe filaya, sai dai ta tura ka wajen cibiyoyin da ta amince wa, kamar VETASSESS. Su za su duba takardunka, su zaunar da kai su yi maka tambayoyi irin na wanda ya san aiki, sannan su kai ka ɗakin gwaji su ga hannunka. In ka tsallake, sai a ba ka takarda mai suna OTSR. Wannan takarda tana burge ni, don gaskiyarta ta fito ƙarara. Cewa take yi: mun duba, mutumin nan ya iya aiki, amma bai san yadda muke yi a nan ba. Da ita za ka je hukumar jiha a ba ka lasisin wucin gadi, wanda da shi za ka taɓa waya amma sai da mai lasisi tsaye a kanka. Daga nan sai kwas ɗin cike giɓi a makarantar koyon sana'a, da aikin kusan shekara guda a ƙarƙashin kulawa, ana rubuta abin da ka yi ana sa hannu. Bayan duk wannan ne za a ba ka shaidar ƙasar, Certificate III, ka koma hukumar jiha neman cikakken lasisi. A Victoria ma sai ka sake zaunawa wata jarrabawar tasu. Kuɗin da ake zubawa daga farko zuwa ƙarshe dubban daloli ne.

To, mu ɗauko kalanda. Biza wata 12 ce. A ƙa'idarta, ba ka wuce wata 6 wajen maigida ɗaya. Karatu kuma ba ka wuce wata 4. Ita kuwa sana'a tana neman shekara guda ta aiki a ƙarƙashin kulawa, ban da watannin da za a ci ana duba takardu da jiran ranar gwaji. Ko ɗan firamare aka ba wannan lissafi zai ce bai fita ba. Wanda ya sauka jirgi sannan ya fara cike fom, kafin ya riƙe lasisin wucin gadi rabin bizarsa ya tafi. Shi kuma ɗan kwangila nasa lissafin yake yi: me zai sa in ɗauki mutum, in sa babban ma'aikacina ya tsaya a kansa, in yi ta sa masa hannu, alhali bayan wata 6 doka za ta raba mu? Ba wanda ya zauna ya ƙulla wannan don mugunta. Ofishin shige da fice ya tsara bizarsa don mai yawon ganin gari da ke ɗan taɓa aikin gona ko wanke kwanuka, hukumomin wuta kuma sun tsara tasu hanya don wanda ya zo zama. Mai aikin wuta ɗan shekara 26 ne ya faɗo tsakani.

Akwai 'yan ƙofofi da aka bari. Dokar wata 6 tana da sassauci ga wasu ayyuka, kamar gini da haƙar ma'adinai a arewacin ƙasar. Ana kuma iya samun biza ta biyu in mutum ya yi kwana 88 yana wasu ayyuka da aka ƙayyade a karkara, ta uku kuma sai ya yi wata 6. Shi ya sa za ka tarar da ƙwararren mai aikin wuta ɗan Ailan yana tsinkar 'ya'yan itace a gona, yana ƙirga kwanaki, ko da yake mai dabara yakan nemi aikin gini a karkarar, tunda shi ma yana cikin lissafi. 'Yan Birtaniya kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Bayan yarjejeniyar ciniki da ƙasashen biyu suka ƙulla, a Yulin 2023 aka ɗaga musu shekaru zuwa 35, a Yulin 2024 kuma aka cire musu sharaɗin aikin karkara, suna iya jera biza uku. Da shekara uku lissafi yana fita. Mafi wayo a cikinsu su ne waɗanda suka san ba a fafe gora ranar tafiya, suka yi gwajin tun suna Ingila, suka hau jirgi da OTSR a jaka.

Da farko na ɗauki abin a matsayin ƙeta irin ta masu ofis. Wuta ai wuta ce. Ingila da Ostireliya da Najeriya duk ƙarfin wutar gidansu a rubuce 230 ne, jan ƙarfe kuma bai san iyakar ƙasa ba. Abin da ya sa na sassauta shi ne launin waya.

Tsakanin 2004 da 2006 Ingila ta canza launin wayoyinta don ta yi daidai da sauran Turai. Da can jar waya ce mai wuta, baƙa ce nutural. Yanzu mai ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce nutural, in kuma layi uku ne sai ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka, dukkansu masu wuta. Ostireliya ba ta bi su ba a wayar cikin bango. Har gobe ja ce mai wuta, baƙa ce nutural, a layi uku kuma ja da fari da shuɗi. Ka ga ke nan shuɗi da baƙi sun yi musayar aiki. Yaron da ya shiga sana'a a Ingila bayan canjin, wanda idonsa ya saba cewa shuɗiya ba ita ce abin tsoro ba, in ya buɗe allon masana'anta a Perth shuɗiyar nan ce za ta ja shi. Baƙar da ya saba kaffa-kaffa da ita kuwa ita ce nutural. Ba'amurke nasa ruɗun daban ne: a garinsu fara ce nutural, a nan kuwa fara tana ɗauke da wuta. Abin bai ƙare ba, don igiyar tukunyar shayi da ta firji a Ostireliya ruwan ƙasa da shuɗi ne irin na Turai, ke nan tsari biyu ne a gida ɗaya, ɗaya a bango ɗaya a kan tebur.

Na san za a ce kowane mai sana'a sai ya sa testa kafin ya taɓa. Haka ake koyarwa, haka kuma ya kamata. Amma duk wanda ya daɗe yana aikin hannu ya san hannu yakan riga tunani, musamman da yamma, ga gajiya, ga mai aiki yana gaggawa. Shekarar kulawar nan ba don a koya wa mutum riƙon sukudireba aka sa ta ba, don a kwance masa sabo ne a ɗaura wani. Abin dariyar shi ne, mai wayarin ɗin Fagge ko Tudun Wada da ya tashi da ja da baƙi, da za a tsayar da shi gaban allon gida a Perth, da ya riga ɗan Manchester karanta shi. Shi ne kuma ba ya cikin jerin masu biza.

Sai filogi. Mun taɓa tambayar kanmu me ya sa namu ya cika girma, har in ka taka shi da dare sai ka yi salati? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila tana sake gina gidaje, jan ƙarfe ya yi tsada, sai suka fito da dabarar zobe: waya ta fita daga akwatin fis, ta bi soket bayan soket, ta zagayo ta dawo inda ta fito. Tunda layin yana ɗauke da wuta mai yawa, yau ana sa masa birki na amfiya 32, sai aka sa wa kowane filogi ɗan fis ɗinsa a ciki, wanda ba ya wuce amfiya 13. Tun 1947 ke nan. Wannan ɗan fis ne muke naɗe wa takardar sigari mai ƙyalli in ya ƙone. A Ostireliya babu zobe. Waya ta fita ta tafi ke nan, ta tsaya a soket na ƙarshe. Filoginsu ƙarami ne, ƙafafu biyu a karkace da ta uku a ƙasa, amfiya 10, babu fis a cikinsa. Duk gwajin zobe da ɗan Ingila ya haddace don jarrabawa, a can ba shi da inda zai yi amfani da shi.

Ɗan yayar tawa ya ce ranar da ya fara shiga banɗakin gidan haya ya ga soket a gefen wurin wanke hannu, tsayawa ya yi yana kallo kamar ya ga laifi. A Ingila sai banɗaki ya yi faɗi sosai kafin doka ta yarda a sa soket, shi ya sa akasari igiya ake ja a kunna fitila, sai ɗan ramin injin aski. A Ostireliya kuwa ba wani abu ba ne, muddin an kiyaye tazarar da littafinsu ya faɗa. Littafin nasu, AS/NZS 3000, shi ne madadin BS 7671 na Ingila, kuma a kansa ake yin jarrabawa. A cikinsa akwai abin da ya fi soket ɗin banɗaki nauyi. A babban allon kowane gida suna haɗe nutural da wayar ƙasa da wata 'yar mahaɗa, su kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin kariyarsu. Ɗan Ingila kuwa an koya masa cewa a cikin gida ba a haɗa waɗannan biyun, aikin kamfanin wuta ne a can bakin mita. In ya ga mahaɗar ya ce kuskure ne ya cire ta, fitila za ta ci gaba da kamawa, firji zai ci gaba da sanyi, ba wanda zai san an raunana kariyar gidan sai ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe.

Ga kuma saman silin. Lokacin zafinsu, Disamba zuwa Fabrairu, rana a Perth takan haura maki 40, to ina ga ƙarƙashin rufi. Tsofaffin allunan wuta da yawa da asbestos aka yi su, wanda ƙurarsa ke kashe huhu, sai a ƙarshen 2003 aka haramta shi baki ɗaya. Mutanen ƙasar kuma ba su manta da abin da ya faru a 2009 da 2010 ba, lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da shirin shimfiɗa abin tare zafi a silin ɗin gidaje. Kamfanoni suka yi ta ɗibar matasa marasa horo suna tura su sama. Huɗu suka mutu, uku daga ciki wuta ce ta ja su a Queensland, ƙaraminsu ɗan shekara 16. Har babban kwamitin bincike aka kafa, ya ba da rahoto a 2014. A jihar Yamma, tun 2018 doka ta ce sai an kashe wutar gida gaba ɗaya kafin ma'aikaci ya hau silin. Ƙasar da ta binne yara a kan wannan, in ta ce baƙo ya dakata tukuna, ban ga laifinta ba. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji mutanenmu.

Amma ban yarda duk abin da ake yi tsaro ne ba. Bambancin launi da zobe da mahaɗar nutural, mutumin da ya shekara goma a sana'a ba ya bukatar lokaci ɗaya da wanda jiya ya gama koyo kafin ya gane su. Ban kuma ga dalilin da zai sa ƙasa ɗaya, mai littafin doka ɗaya, ta riƙe hukumomi takwas kowacce da fom ɗinta da kuɗinta ba. Sun ma nuna ana iya sauƙaƙawa in an so, don mai lasisin New Zealand, wadda suke amfani da littafi ɗaya da ita, akwai yarjejeniyar da ta ba shi damar neman lasisin Ostireliya ba tare da ya koma farko ba. Ostireliya ce kuma ƙasar da kullum take kukan ƙarancin masu aikin wuta, ga kusan gida ɗaya cikin uku da sola a kan rufi, ga ma'adinai a yankin Pilbara suna kwashe ma'aikata da albashi mai tsoka. Akwai kuma wanda jinkirin ke yi wa daɗi, ko da bai faɗa ba: ɗan kwangilar da ya sami gwani a farashin mai riƙon tsani. Yakan ce masa, "Kai dai duba mana wannan zanen, ka ga ya yi?" Shawara kyauta, albashin mataimaki.

Ɗan yayata dai ya haƙura ya bi layi. Yanzu yana da lasisin wucin gadi, da yamma yana karanta littafin doka, da rana ana sa masa hannu. Ya ce abin da ya fi ba shi wahala a duk tafiyar ba gwajin hannu ba ne, tattaro shaidar shekarun baya ne. A nan ne kunnena ya tashi, don wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye.

TRA ba ta karɓar "na iya". Ga sana'a mai lasisi tana neman shaidar aikin shekara 4 in kana da karatun sana'ar, ko shekara 6 in ba ka da shi, kuma dole wata 12 daga ciki su kasance a shekaru ukun baya-bayan nan. Shaidar kuwa ita ce wasiƙar maigida mai ɗauke da ranar farawa da ranar bari da irin aikin da aka yi, da takardun albashi, da bayanan banki ko na haraji da za su nuna lallai an biya. Yaron da ya yi aiki a Ingila, inda kowane sisi yake da takarda, sai da ya yi ta bin tsofaffin iyayen gidansa yana roƙon wasiƙa. To ina ga namu?

Ka ɗauki mai wayarin a Kano ko Zariya ko Damagaram. Ya shiga shagon oga yana ɗan yaro, ya fara da ɗaukar tsani shi ma, ya kai ga fasa bango, ya kai ga zura waya, har ya kai ana tura shi gida guda shi kaɗai. Ya iya haɗa canjin layi tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola, abin da ɗan Ingila da yawa bai taɓa yi a gidan mutum ba, don su ba kasafai ake ɗauke musu wuta ba. Shekara goma sha biyar yana wannan. Kuɗinsa a hannu ake danƙa masa, wani lokaci ma "ga na sabulu" ne. Ranar yaye aka yi addu'a, aka ci abinci, oga ya sa albarka, wataƙila ya haɗa masa da filaya da testa. Duk unguwa ta shaida. A gaban mai duba takardu a Melbourne kuwa, wannan mutum bai taɓa aiki ko na yini ɗaya ba. Ita bizar hutu ba tamu ba ce, amma ƙofar ƙwararru, wadda kamfani ke ɗaukar nauyin mutum, ba ta ware ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ba, kuma ta irin wannan tantancewa ake shigarta. Ba ma sai an je nesa ba. Saudiyya, inda mutanenmu suka fi zuwa, tun 2021 ta fara shirin gwada masu sana'ar hannu, aikin wuta kuma yana cikin na farko-farko.

Ba wai ba mu da inda ake ba da takarda ba ne. A Najeriya, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta daɗe tana yin gwajin sana'a mai matakai uku, daga na 3 zuwa na 1. Akwai jarrabawar NABTEB. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba da shaida ga wanda a shago ya koyi aikinsa ba a aji ba. NEMSA kuma ita ce doka ta ɗora wa tantance masu haɗa wuta. Abin da ya sa da yawa ba sa nema shi ne babu mai tambaya. Yaushe rabon da wani a cikinmu ya ce wa mai gyaran wuta ya nuna takarda? Tambayarmu ita ce, "Wa ya san mai wuta na kirki?" a ce, "Kira yaron wane, yana da sauƙi." Sauƙin kuɗi ake nufi. In ya ce a sayo waya mai kauri mu ce yana son cin riba, a sayo siririya. Ran da kasuwa ta kama da wuta cikin dare kuma, kafin hayaƙi ya lafa kowa ya riga ya yanke hukunci cewa daga waya ne.

Ba ina cewa mu kwaso hukumomi takwas mu dasa ba, ko a kama mutum don ya canza soket a ɗakinsa. Wannan a wurinmu wata sabuwar hanyar karɓar na goro kawai za ta zama. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma wajen iyayen gida masu shaguna nake roƙonsa. Oga, sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Ran da aka kawo maka yaro, rubuta ranar. In ya yi wayarin ɗin gida, rubuta unguwar da irin aikin, layi ɗaya ne ko uku. Abin da za ka ba shi, in da hali, tura masa ta banki. Ka matsa masa ya je ya yi gwajin sana'a tun yana hannunka. Ran yaye kuma, bayan addu'a, ka miƙa masa wasiƙa mai kwanan wata da sa hannunka da lambar wayarka, ka ajiye kwafi ɗaya a shago.